Ɗigo Bakwai Da Suka Kauce Wa Layi

Ranar Litinin da hantsi Likita ta leƙo ofishina ta ce in bar duk abin da nake yi in biyo ta. Shekara huɗu muna aiki tare, ban taɓa ganin ta murza makulli a ƙofarta ba sai ran nan. Ta shimfiɗa takardu biyu a kan tebur, ta danna yatsa a kansu.

"An yi mana ƙarya a cikin alƙaluma," ta ce. "Kuma a gidan nan aka yi ta."

Bincike muke yi a ƙaramin asibitinmu a kan dattawa ɗari da tamanin masu hawan jini. Kowa an ba shi 'yar na'ura mai maɗauri da yake ɗaurawa a idon ƙafa, tana ƙirga takunsa na kowace rana. Duk Litinin su kawo, Akawu ta kwafe adadin kwana bakwai cikin kwamfuta, na'urar ta goge ta soma sabon ƙirga. Abin da muke son sani shi ne ko yawan tafiya a ƙafa na saukar da jini, in kuma yana saukarwa, da nawa.

Ni ce mai lissafin. A wurina kowane dattijo ɗigo ne a kan takarda. Wanda ya fi tafiya, ɗigonsa na can dama. Wanda jininsa ya fi sauka, ɗigonsa na can ƙasa. Sai in sa kwamfuta ta ja miƙaƙƙen layi guda wanda ya fi kusa da dukkan ɗigon, bayan an ware tasirin shekaru da nauyi da gishiri da magungunan da kowa ke sha. In layin ya gangaro, tafiya na aiki. In ya kwanta, ba ta aiki. A makaranta rigireshan muke ce masa, a asibiti kuwa kowa layi yake cewa.

Wata uku ke nan layin ya ƙi gangarowa, saboda mutum bakwai. Su ne suka fi kowa tafiya, wata rana har taku dubu ashirin da takwas, amma jininsu yana nan inda yake. Sun tsaya can ƙarshen dama, a sama, sun ɗage wa layin wutsiya.

"Akawu ta tafi hutun mako guda, yau ni na karanta na'urorin da idona," in ji Likita. "Dubi na mutanen nan bakwai."

Dubu ɗaya da ɗari biyar. Dubu ɗaya da ɗari tara. Ɗari takwas. Babu wanda ya kai dubu biyu, duk kwana bakwan.

"To mu cire su mana," na ce, ko da yake na san amsar.

"Ke ce kika koya mini ba a zubar da ɗigo don bai yi wa mutum daɗi ba. Sai da dalili a rubuce. Ranar Juma'a mai duba aiki zai zo daga jami'a. In hannun ma'aikaciyarmu ne ya rubuta ƙarya, duk ɗari da tamanin ɗin sun tashi a banza, kuma shirin tafiyar dattawa ya mutu ke nan."

Kafin azahar magana ta gama zagaye asibiti. Mai shara ta tuna cewa Akawu na yawan rufe kwamfuta in an shigo. Mai ba da magani ya tuna cewa tsohon Hedimasta, wanda kullum lambarsa ke saman allon gwanayen tafiya da muka rataya a baranda, kawun Akawu ne na jini. Mutanen da jiya suke cin abinci da ita a kwano ɗaya, yau kowa ya tuna wani abu.

*

Da yamma na koma gida da takardar ɗigon a jaka. Babu suna a kanta, sai lambobi. Na tarar da Baba a tsakar gida yana wanke ƙafa, ya dawo daga zagayensa. Shi da Mama duk suna cikin binciken namu. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya a gandun daji yana bin sawun ɓarayin namun daji da dabbobin da suka ɓata, shi ya sa har yau Mai Sawu ake kiransa, ko a kan katin asibiti wani ya taɓa rubuta masa haka. Tun da ya yi ritaya ba abin da yake samu ya bi sai sawun kajin maƙwabta a cikin fulawoyin Mama.

"Auta, wa ya mutu?" ya ce da ya ga fuskata.

Na ba shi labari. Ya sa tabarau, ya riƙe takardar nesa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai garke ne," ya ce. "Ga hanyar da suka bi. Waɗannan bakwai kuma sun ware. Tare suka ware ko kowa da tasa hanya?"

"Tare. Ranar da adadin ɗaya ya hau, na sauran ma ya hau. Ranar da ya faɗi, duk su faɗi. Shi ya sa ake cewa hannu ɗaya ne ya rubuta."

"Ko kuma ƙafa ɗaya ce ta taka."

Mama ta fito da tiren shayi ta dire shi da ɗan ƙarfi. "Malam, ka bar yarinya ta huta. Aikin asibiti ne, ba na daji ba. Kai komai sai ka sa hanci."

"Hanci ai shi ya ciyar da ke shekara talatin."

"Allah ne ya ciyar da ni," ta ce, ta koma ciki.

Washegari ya riga ni shiri. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki mai aljihu huɗu, wadda maɓallin tsakiya ya daina rufuwa. A asibiti Likita ta saurare shi, ta ce ba za ta ba shi sunan kowa ba, domin amana ce. Ya ce ba ya bukata. Shida daga cikin bakwan duk unguwa ta san su, tunda duk Litinin sai sun tsaya gindin allo suna nuna wa jama'a lambobinsu. Na bakwai ne kawai bai taɓa fitowa ya yi alfahari ba.

*

Akawu ta dawo daga hutu ran nan ta tarar an canza makullin kwamfutarta. Muka same ta a ɗakin ajiye fayil, idanunta sun kumbura.

"Baba, wallahi abin da na gani shi nake rubutawa."

"Na ji, 'yata. Nuna mini yadda kike yi."

Ya kwance tasa na'urar ya miƙa mata. Ta danna maɓalli, ta karanta, ta rubuta, ta sake karantawa tana bin kowace lamba da bakin biro.

"Me ya sa kike rufe kwamfuta in an shigo?"

"Ciwon mutane ne a ciki. Haka aka koya mana."

"Kawun naki fa? Kin taɓa ganinsa yana tafiyar nan?"

Sai murmushi ya ƙwace mata duk da hawayen. "Kawu ko kantin bakin layi zai je sai ya tsayar da babur. Na taɓa tambayarsa, ya ce da sassafe yake yi, lokacin da ragwaye irina ke barci."

Da muka fito na tambayi Baba abin da ya gani.

"Mai ƙirƙirar lamba ba ya duba ta sau biyu," ya ce. "Ya riga ya san ta. Amma wannan ba hujja ba ce, jin jikina ne kawai."

*

Laraba ce ranar awon nauyi da jini, kuma ba a hawa sikeli da takalmi. Baba ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakin awo kamar mai jiran layi. Duk wanda ya shiga, sai ya sa sandarsa ya kifar da takalminsa, ya duba, ya mayar. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauka tsufa ne ya soma taɓa shi, har ta kawo masa ruwa.

Hedimasta ya iso da jarida a hammata, yana gaisawa da mutane da ɗaga hannu kamar mai duba fareti. Da ya fito daga awo, Baba ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, gwanin gwanaye. Ina kake bi ne haka? Ni duk ƙoƙarina ban wuce dubu tara ba."

"Sirri ne, Mai Sawu. Horo. Tun muna makaranta ni ne kyaftin na tsere. Daga gida in bi bayan filin ƙwallo, in tsallaka gada, in zagayo ta tashar mota."

"Gadar da aka rufe tun watan jiya?"

Hedimasta ya gyara zaman jaridarsa. "Ina nufin kafin a rufe."

"Ba shakka. Makon jiya kuma sai aka ce ka ɗan huta."

"Mura," ya ce, ya yi tari guda don shaida.

"Allah ya sawwaƙe. Ɗan ara mini na'urarka in gani, wataƙila tawa ce mai rowa."

Baba ya juya ta, ya shafa maɗaurin da babban yatsa, ya kai ta hanci, ya mayar da godiya. Haka ya yi wa sauran biyar ɗin: tsohon direban bas, tsohuwar ungozoma, wani mai gyaran rediyo da wasu 'yan'uwa mata biyu. Abin mamaki, duk mura ta kama su makon jiya.

"Takalmin da ya yi wata uku yana taku dubu ashirin, dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda," ya ce mini a baranda. "Nasu ko zanen ƙasan bai goge ba. Ba su yi tafiyar ba, wannan kam tabbas. Saura mu san ko an rubuta musu ita ne ko an taka musu. Maɗauran duk suna warin mai."

Direban motar asibiti yana goge gilashi kusa da mu, kunnensa na wurinmu. "In mai kuke nema, ku je wurin Mai Niƙa," ya ce. "Kullum a bencin ƙofarsa suke yini. Injin nan nasa ko bango girgiza shi yake yi."

*

Layin shaguna ne guda biyar a ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya: injin niƙa, mai sayar da katin waya, tela, mai aski, sai wani shago da ke rufe. Dogon benci na gaba. Mai Niƙa ƙaton mutum ne, gari ya yi masa fari har gira. Baba ya roƙe shi ya bari ya ɗaura na'urarsa a jikin injin na minti biyar. Da ya kwance, taku ɗari shida ta ƙirga.

Na kusa yin tsalle. "Baba, shi ke nan!"

Mai Niƙa ya kashe injin, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya fahimci zargin, sai ya dafe ƙirji har gari ya tashi.

"Ni? Ni da ko gaisuwa ba na ji in injin nan na aiki? Tsofaffin nan zama kawai suke yi suna gardamar ƙwallo. In na taɓa riƙe abin nan a hannuna kafin yau, kada in sake ganin alheri!"

Baba ko kallonsa bai yi ba. Tasa na'urar yake dubawa. Minti biyar kacal, amma gari ya shige duk saƙar maɗaurin, ga baƙin giris a gefe.

"Nasu ba gari," ya ce a hankali. "Man da ke jikinsu kuma fari ne, siriri."

Mai Niƙa ya kai hannu zai tada injin, sai fankar mai aski ta yi juyi biyu ta tsaya. An ɗauke wuta. Ya ɗaga hannuwa sama.

"Kun gani ko? An koma gidan jiya. Makon jiya ne kaɗai a shekarar nan na yi aikin kwana bakwai cur, ko ƙiftawa wuta ba ta yi ba. Na ce an shiryu, ashe ɗanɗano aka ba mu."

Baba ya juyo gaba ɗaya. "Makon jiya ka ce?"

"Tun daga Litinin har Lahadi."

Layin ya yi tsit, ba inji, ba rediyo. Baba ya tsaya ya karkata kai, irin tsayuwar da nake jin yana yi a daji. Ni ban ji komai ba sai hayaniyar titi da ƙarar wani keken ɗinki. Ya nemi afuwar Mai Niƙa har sau biyu, sannan ya ja ni gefe.

"Auta, layin nan naki, kowane abu biyu yana iya gwadawa?"

"In dai akwai adadinsu."

"Akwai wanda ke rubuta ranakun da ake ɗauke wuta?"

Akwai. Firjin allurar rigakafi ba ya son zafi, saboda haka mai kula da sito yana da littafi da yake rubuta lokacin da wuta ta tafi da lokacin da ta dawo, kowace rana. Waya ɗaya ce ke ba asibiti da layin shagunan wuta.

Na kwashe yammacin ina shigar da awannin kwana casa'in. A wannan karon kowace rana ce ɗigo: awannin rashin wuta a ƙasa, takun mutanen bakwai a gefe. Na ƙara ruwan sama da ranakun mako, don kada wani abu daban ya ruɗe ni. Na danna maɓalli. Ɗigon sun jeru a kan layin kamar tsuntsaye a kan waya. Duk awa guda ta rashin wuta, taku wajen dubu uku. Na gwada sauran dattawa ɗari da saba'in da uku, layinsu a kwance, tafiyarsu ba ruwanta da wuta.

Na kira Baba a waya. "Ba injin niƙa ba ne. In wuta ta tafi ne suke tafiya!"

"Akawu na riƙe da littafin sito?"

"Ko ɗakin ba ta shiga."

"To ki gaya wa Likita ta tara su gobe da la'asar a bencin nan. Ki zo da takardarki."

*

Alhamis da la'asar ba wuta. Dattawan shida suka jeru a benci, kowa ya sha kwalliya, domin an ce musu Likita na son ganin gwanayen tafiya. Likita ta zo da Akawu. Mai Niƙa ya jingina da ƙofarsa ya harɗe hannuwa. Mai aski da mai katin waya suka fito kallo. Tela, wani siririn dattijo mai tef a wuya, ya leƙo ya gaishe mu ya koma bakin aikinsa. Can sai ga Mama a kan babur, riƙe da tabarau ɗin Baba, wai ya aika ta kawo masa.

"Zauna ki huta, Maman Auta," ya ce. "Yanzu za mu koma tare."

Na ɗaga takardata na yi bayani yadda kowa zai gane. Na ce ga kwana casa'in, ga wuta, ga taku. Akawu ba ta san awannin wuta ba, ballantana ta ƙirƙiri lambobin da za su bi su sau da ƙafa har wata uku.

"Wato," in ji Baba, yana takawa a gaban bencin, "jama'ar nan Allah ya yi musu wata baiwa. In akwai wuta, mura. In babu, sai su zaga gari sau uku, takalminsu bai taɓa ƙasa ba. Ranka ya daɗe, yau tun ƙarfe tara ba wuta. Ina na'urarka?"

Hedimasta ya dubi idon ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsa. "Na... na bar ta a gida."

"Ke fa, Ungozoma?"

"Maɗaurin ne ke mini ƙaiƙayi."

"To ku yi shiru ku saurara. Ga ku can kuna tafiya."

Kowa ya yi shiru. Daga shago na uku ƙarar keken ɗinki ke fitowa, kar-kar-kar-kar, ba tsayawa. In akwai wuta, Tela da 'yar motar lantarki mai juya keken yake ɗinki. In babu, sai ya mayar da igiyar keken ya koma taka feda da ƙafa.

Baba ya shiga, muka bi shi har muka cika ƙofa. Ya yi sallama, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗage ƙyallen da ya rufe ƙafafun keken. Ga su nan a jere a gefen feda, an ɗaure su da roba, na'ura bakwai, suna hawa suna sauka tare da ƙafar Tela, man keke ya jiƙa maɗauransu.

Mai Niƙa ne ya fara fashewa da dariya, irin wadda ta sa ya zauna a ƙasa. Mai aski ya kama. Tsohon direban bas ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa.

Tela ya cire ƙafa daga feda. "Likita, ni ban san laifi ba ne. Hedimasta ne ya kawo wando a rage masa tsawo, ya kwance abin nan ya ajiye, ya faɗo kan feda ba mu sani ba. Da ya dawo da yamma ya ga dubu tara, sai ya ce gobe ma zai manta da ita. Daga nan ya gaya wa direba, direba ya gaya wa Ungozoma. Ni ko sisi ban karɓa ba. Na ga suna murna ne in an rubuta su a allo, na ce tunda takawar zan yi ko da su ko ba su, me zai hana?"

"Makon jiya fa?" in ji Likita, tana danne dariya da ƙyar.

"Wuta ta ƙi tafiya. Har Hedimasta ya ce in kashe mota in taka, na ce ina da kayan mutane."

Akawu ba ta yi dariya ba. Ta tsaya gaban kawunta. "Kawu, kwana uku ba wanda ya amsa gaisuwata a wurin aiki. Ka ji ana cewa ni na rubuta maka ƙarya, ka yi shiru."

Dariyar ta tsaya. Hedimasta ya ajiye jaridarsa a benci, ya miƙe, ya cire hula a gaban 'yar ƙanwarsa.

"Na ji, kuma kunya ta hana ni magana. Shekara talatin ina hukunta yara a kan satar amsa. Ki yafe mini, 'yata. Gobe da kaina zan shiga asibitin, ofis ofis, in faɗi abin da na yi."

"Da ƙafa za ka je," ta ce, tana share ido. "Ba babur."

"Da ƙafa."

Likita ma ta kama hannun Akawu ta ba ta haƙuri a gaban kowa. Sannan ta ƙirga na'urorin, ta ƙirga mutanen benci.

"Shida ne a nan. Ta bakwai fa?"

Tela ya sunkuyar da kai. Don kada ya rikita su, kowace na'ura ya ɗinka mata zare mai launi daban a bakin maɗauri. Baba ya kwance ta ƙarshen, mai koren zare, ya riƙe ta a tafin hannu.

"Wannan ba sai an tambayi kowa ba," ya ce. "Wata uku ina ganin koren zaren nan a kan teburin ɗakinmu, ina cewa ado ne. Sai jiya da na ga ja a ta Hedimasta, shuɗi a ta Ungozoma."

Na juya. Mama na zaune a ƙarshen benci, ta miƙe wuya kamar ba da ita ake ba.

"Mama!"

"To sai me?" ta ce. "Ni ce."

"Ke da kullum kike fita da safe ki ce kin tafi zagaye?"

"Ina fita mana. In kawo wa Tela, in shiga gidan ƙawata a bayan layin nan mu yi hira." Muryarta ta ɗan sauka. "Gwiwar nan ce, Auta. Tun watan farko in na yi taku ɗari biyu sai in ji kamar ana soka mini ƙusa. Na duba allo na ga lambata ce ta ƙarshe, a binciken da 'yata ke yi wa lissafi. Na ce ba zan zama ni ce mai ja miki aiki baya ba."

Na matsa wurinta. Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta. Na gaya mata ɗigon da ke can hagu, na mai taku ɗari biyu, yana da amfani a wurina daidai da na mai dubu goma, in dai gaskiya ne. Da shi ake sanin inda layi ya faro.

Likita ta riga ta durƙusa tana latsa gwiwar. "Mama, wannan ai tana da magani, da kin faɗa tun tuni. Kuma ku duka ku ji: saura kaɗan in ƙara muku magunguna masu ƙarfi, don na ɗauka kuna duk wannan tafiyar jininku ya ƙi sauka. Allon nan kuma laifina ne. Gobe za a sauke shi."

Kafin a watse, Mai Niƙa ya dage sai an auna jinin Tela, tunda shi ya yi tafiyar mutum bakwai. Likita ta ɗauko abin awo daga jaka ta naɗa masa a hannu. Ta duba, ta sake dubawa.

"Kamar na ɗan shekara talatin," ta ce.

Rumfar ta kaure da shewa. Na ce musu mutum ɗaya ba ya zama hujja, amma ba wanda ya saurare ni.

*

Mai duba aiki ya zo ranar Juma'a, mutum mara fara'a. Na ba shi lissafin kashi biyu, da mutum bakwan da kuma ba su, haɗe da dalilin cirewa a rubuce, da kwafin littafin sito, da takardar da Tela ya sa wa hannu. Da aka cire su, layin ya gangaro sarai: a cikin dattawanmu, waɗanda suka fi tafiya jininsu ya fi sauka, ko bayan an ware shekaru da nauyi da gishiri da magani. Ya karanta shafin Tela sau biyu, ya cire tabarau ya goge ido, ya roƙi a ba shi kwafi don ya riƙa koyar da ɗalibansa. Shirin bai mutu ba. An ma ce a ƙara unguwa biyu.

Bayan mako uku ana yi wa gwiwar Mama magani, Likita ta ce ta fara da zuwa bakin titi ta dawo. Ran farko na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu. Ta ɗaura na'urarta da kanta, ta karɓi sandar Baba ba tare da ta roƙa ba. Shi kuma ya ja baya don ta wuce, kamar yadda ya saba.

"A'a, Malam," ta ce. "Wuce gaba. Ba na son ɗan bincike a bayana."

Bai wuce gaba ba. Ya matso gefenta, ya rage tsawon takunsa daidai da nata, suka fita tare suna gardama a kan wanda ya bar famfo a buɗe.